Katafilar Taubashi

Ƙaguwar ta tsinke igiyarta daidai lokacin da bas ɗin ƙarfe bakwai ta hau gadar katako, kuma Torika ba ta ankara ba sai da malamin makarantar da ke kujerar gaba ya ɗage ƙafafunsa sama yana kururuwa. Nan da nan mota ta kaure. Mata suka tattare zannuwa, direba ya taka birki, kwandon gwazar wani ya kife a tsakanin kujeru.

"Kada wanda ya taka min ita!" in ji Torika, ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashin kujera. "Duk wanda ya karya mata ƙafa ya saya."

"Ku ba ta hanya mana," Vasemaca, matar ƙanenta, ta ce daga baya tana dariya har da hawaye. "Ita ma kotu za ta. Ai ita ce babbar shaida."

Torika ta cafko ta ta baya, ta sake ɗaure ta da 'yan uwanta, ta ba malamin haƙuri. Guda huɗu ne kawai a ɗaurin, kuma kamun kwana uku ke nan. Matar da ta shekara arba'in tana shiga taɓo, wadda a da ba ta zuwa gari da ƙasa da ɗauri shida, yau ga abin da ta riƙo.

Duk wanda ke cikin motar ya san dalili. Shekara biyu da suka wuce wani kamfanin gina otal ya zo ya zuba ƙasa da duwatsu, ya yi wa motocinsa hanya zuwa bakin teku, ya datse bakin rafinmu na Vunitiri. Ba takardar izini, ba ko kwalbati ɗaya. Ruwan teku ya daina shigowa. Su kuwa itatuwan tiri, waɗanda ƙaguwa ke haƙa rami a gindinsu, sau biyu a rana suke buƙatar ruwan gishiri, yadda mutum ke buƙatar abinci. Na kusa da hanyar suka fara bushewa, sannan na bayansu. Yanzu kashi biyu cikin uku na kurmin farare ne ƙayau, suna tsaye babu ganye. Abin da ya rage da rai shi ne lungun da mahaifiyar Torika ta koya mata kamu, shi ma ganyensa ya soma yin rawaya. Ta san ba zai ƙetare wani rani ba.

Gwamnati ta dakatar da aikin, aka kai ƙara, aka ɗage zama har sau goma sha ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin abin da ke jan ƙafa kamar takardar kotu ba. To yau aka ce za a yanke hukunci, shi ya sa Torika ta sa rigarta ta coci a ranar Juma'a. Ba ta damu a ɗaure kowa ba. Abu ɗaya take so ta ji daga bakin alƙali, a buɗe rafi.

A ƙofar kotu suka ci karo da Sakiusa. A da direban katafila ne, da hannunsa ma aka zuba ƙasar nan. Yanzu kamfanin ya ɗaga shi ya zama mai magana da jama'a a madadinsa, ya samu farar riga da laktaye a saman zanensa mai aljihu irin wanda mazanmu ke ɗaurawa. Mutumin tsibirin Yadrava ne, kuma mutanen Yadrava taubasanmu ne tun kaka da kakanni. Tsakaninmu da su zagi ba laifi ba ne, fushi kuma abin kunya ne, sannan abin da taubashi ya miƙa hannu ya ce yana so, ba a hana shi.

"Tau!" Torika ta ƙwala masa kira, yadda muke kiran taubashi, tana nuna wuyansa. "Wa ya shaƙe ka da sassafen nan? A kira 'yan sanda?"

"Tau, ashe kina nan da rai? An ce min taɓo ya haɗiye ki."

"Wane taɓon? Ai kun busar da shi."

Sakiusa ya ɗan sosa ƙeya, ya kalli takalminsa. Sai kuma idonsa ya faɗa kan ɗaurin da ke hannunta. Ya sa yatsa biyu ya warware babbar, waccan da ta tayar da hankalin bas, ya ɗaga ta yana auna nauyinta.

"Wannan ta yi min. Matata za ta sa mata madarar kwakwa."

Abin ya sosa wa Torika rai, don ita ce wadda za ta fitar musu da kuɗin mota zuwa da dawowa. Amma ta yi dariya yadda ya kamata.

"Ɗauki, mayunwaci. Allah ya sa ta cije ka inda ba za ka iya nuna wa likita ba."

Ragowar ukun ɗan sandan ƙofa ya ce ba za su shiga kotu ba. Vasemaca ta yi ta jan sa da surutu har ya saye su da kansa.

A ciki fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Lauyan kamfani ya yi minti arba'in yana magana. Ya ce kamfaninsa ya amsa laifi tun farko, wannan ne karo na farko, zai samar wa matasa aiki, har rigunan ƙwallo ya ɗinka wa makarantu biyu. Ya ƙara da cewa yau da rana kamfanin zai je ƙauye ya nemi gafara bisa al'ada. A gefensa manaja, Mista Denholm, dogon Bature daga Ostireliya wanda rana ta gasa wa hanci, yana ta gyaɗa kai kamar mai jin wa'azi.

Alƙaliyar ta gyara tabarau ta karanta hukunci. Tarar dala dubu goma sha biyu, a biya cikin wata guda. Ta rufe fayil.

Torika ta jira sauran, sauran bai zo ba. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba.

"Ranki ya daɗe, rafin fa?"

Ɗan sanda ya taso zai zaunar da ita, alƙaliyar ta ɗaga masa hannu. Ta dubi Torika ta saman tabarau, ta yi magana a hankali. Ta ce tuhumar da aka kawo gabanta ta yin aiki babu izini ce, kuma a kanta ta yi hukunci. Batun buɗe rafi wata ƙara ce daban, a babbar kotu. Ta ce ta ji ta, kuma ta ga hotunan.

Kafin su gama saukowa daga matakala, Mista Denholm ya tsaya a tagar biyan kuɗi ya rubuta cek. Bai jira watan ba. Abin bai kai lokacin da ake ɗauka wajen yankar tikitin bas ba. Ya ma tsaya ya nemi rasit, ya ninke shi da kyau ya sa a aljihu.

Anjila ce ta same su a inuwar bishiyar mangwaro. Ita ce jami'ar kula da muhalli da ta yi shekara biyu tana shiga taɓo har gwiwa tana ɗibar ruwa a kwalabe, 'yar sirirya mai takalmin roba da ya fi ƙarfin ƙafarta. Ta kwance ƙunshin roti, wata 'yar gurasa mai dankali a ciki, ta raba uku. Nei take ce wa Torika, wato goggo.

"Nei Torika, ki yi haƙuri. Na rubuta shafi casa'in. Na zaci zai fi haka."

"Ke kin yi naki, 'yata. Yanzu sai me?"

"Litinin za su koma aiki. Sun nemi izinin da ya kamata su nema tun farko, abin da ya rage musu sa hannun ƙauyenku. Da sun samu za su zuba siminti a kan hanyar."

"Ita waccan ƙarar ta babbar kotu fa?"

Anjila ta kalli rotinta. "Shekara uku. Ko huɗu."

Ran Torika ya ɓaci, irin ɓacin da ba ya zuwa da hawaye. Ta tuna lungun mahaifiyarta da rawayan ganyensa.

"Dubu goma sha biyu," in ji Vasemaca da cikakken baki. "Ashe araha ce. Da na sani da tuni na toshe wa maƙwabciyata magudanar ruwa, in riƙa biya kaɗan-kaɗan."

Ko Anjila sai da ta ƙware don dariya. Torika ma ta murmusa, ta haɗiye lomar.

A bas ɗin ƙarfe ɗaya, da suka zo mararrabar ƙauye, suka hango katafila a bakin sabuwar hanyar. Da safen nan aka sauke ta daga babbar mota, an wanke ta fes, an cika ta da mai tana jiran Litinin.

Ƙarfe biyu da rabi zauren ƙauye ya cika. An shimfiɗa tabarmi, an girke akushin yangona, jiƙon saiwar da muke sha a taro, a tsakiya, maza a gaba, mata a baya yadda aka saba. A can sama Ratu Peniasi, mai garinmu, yana zaune ya runtse ido. Ya haura tamanin, kuma baƙi kan zaci barci yake yi. Mu da muka san shi ba ma yin wannan kuskuren.

Kamfani ya zo da shirinsa. Ga ɗaurin saiwar yangona kamar kan jariri, ga tambuwa, haƙorin dodon kifin nan da ba a neman gafara ko aure sai da shi, ga mai ɗaukar hoto da na'urarsa. Ga kuma katan ashirin na kifin gwangwani an jera a jikin bango. Kifin gwangwani, a kawo wa masunta! Mata suka kalli juna. Anjila ma ta biyo su a matsayin shaida, ta zauna kusa da Torika da jakar takardunta a cinya.

Sakiusa ya durƙusa, ya riƙe tambuwa da hannu biyu, ya fara. Gaskiya mutumin ya iya magana. Ya kira sunayen kakanninmu ɗaya bayan ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Ya ce kamfani ya yi ɓarna, ya zo da kansa a ƙasa. Daga nan ya fito da dabarar da ya kwana yana saƙawa.

"Ratu, wannan da ke bayana ba baƙo ba ne. Watan jiya na kai shi Yadrava, dattawanmu suka sha yangona da shi, suka karɓe shi, suka ba shi mazauni a gidanmu. Shi da kamfaninsa da duk abin da ya mallaka 'ya'yan Yadrava ne. Taubashinku ne ya yi muku ɓarna. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa jin inda aka riƙe taubashi a zuci ba."

Sakiusa ya ɗaure mu, kowa ya gane. Baƙo ana iya mayar masa da tambuwarsa a ce ya dawo wata rana. Taubashi kuwa ba dama.

Sakiusa ya taɓa gwiwar Mista Denholm. Baturen ya gyara zama da ƙyar, don ƙafafunsa ba su saba da tabarma ba, ya karanto abin da aka koya masa da harshenmu, yana karya kowace kalma.

"Ni ɗan Yadrava. Ni taubashi naku."

Dariya ta ɓarke. Mai hoto ya matso ya ɗauka. Ratu Peniasi ya buɗe ido ɗaya, ya dubi Baturen, ya dubi Sakiusa.

"Ka ji abin da ka faɗa?"

"Na ji, Ratu."

"Shi ma ya san abin da ya faɗa?"

"Ya sani, Ratu."

"To madalla." Tsohon ya miƙa hannu aka karɓi tambuwa, aka yi tafi uku. Sakiusa ya sauke numfashi. Lauya ya riga ya ba shi takardar sa hannu, tana cikin ambulan a gefen gwiwarsa, sai an gama sha za a fito da ita.

Ƙoƙon kwakwa ya zagaya sau biyu, aka saki zama. Wani ya jawo jita. To a nan ne mata suka tashi, don idan taubasai suka zo gari, bayan an gama na manya, sauran namu ne. Vasemaca ta zo da gwangwanin hodar jarirai ta zazzage wa Sakiusa a ka har ya yi furfura. Ta juya kan Mista Denholm ta shafe masa kumatu biyu.

"Tau Denholm, hular nan ta yi min kyau."

Ta cire ta ɗora a kanta. Baturen ya yi dariya sosai, ya juya wa mai hoto fuska. Wata ta zare tabaran ranarsa, ya yi dariya. Wata tsohuwa ta kwance agogon hannunsa ta ɗaura a nata, ya yi dariya, amma wannan karon sai da ya waiwayi Sakiusa tukuna.

Torika ba ta tashi ba. Tana zaune tana kallon hular a kan Vasemaca, tana jin maganar Sakiusa tana dawo mata, shi da kamfaninsa da duk abin da ya mallaka. Ta leƙa ta taga ta duba rana. Ruwa zai cika wajen ƙarfe biyar. Ta san abin da za ta yi kuma ta san ba ƙarami ba ne. Ta rarrafa a kan gwiwoyinta, ta ratsa maza tana neman afuwa, ta zauna a gaban Baturen.

"Tau Denholm."

"Tau!" ya amsa da murna, ya fara kwance takalminsa zai miƙa mata.

"Bar takalminka, ya yi min girma. Katafila nake so."

Mai jita ya tsaya. Sakiusa ya fassara, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Ba kyauta ba," in ji Torika. "Ina zan ajiye ta? Aron awa ɗaya, da direba. Zan yanka hanyar nan daidai bakin rafi."

Dariyar Mista Denholm ta ɗauke. Ya yi magana da sauri da Turanci, hodar tana zubowa daga kumatunsa. Sakiusa ya juya mana. Ya ce idan aka yanka hanyar dole a gina gada, kuma gada za ta ci ninkin tarar safiya sau goma, ko ashirin.

"Yauwa," in ji Torika. "Yau dai an ambaci kuɗin da ya sa shi gumi."

"Tau, don Allah," Sakiusa ya ce a hankali. "Ki ɗauki wani abin. Ga mota a waje, ga janareta."

"Da safe da ka ɗauki ƙaguwata na ce ka ɗauki ƙarama?"

Sakiusa ya koma ga maigidansa ya yi masa bayani, mu ma muna tsintar abin da muka tsinta. Ya ce ba a cewa a'a. Idan aka ce a'a, maganar ɗazu ta zama ƙarya, kuma an yi ta a kan tambuwa. Shi Sakiusa ba zai sake iya taka Yadrava ba, kuma jikokinsa ma sai an yi musu waƙa a kai. Yana cikin magana Ratu Peniasi, ido a rufe, ya ɗora tafin hannunsa a kan tambuwar da ke gabansa, ya tura ta gaba kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Baturen ya kalli haƙorin, ya kalli ambulan ɗin da ba a sa wa hannu ba.

"Sai na kira ofis," in ji shi. Ya fito da waya yana ɗaga ta sama.

"Ayya, Tau, a nan ba ta kamawa," Vasemaca ta ce cike da tausayi, da hularsa a kanta. "Sai a kan tudun coci. Zo in raka ka."

Gaskiya ta faɗa, a can kaɗai waya ke kamawa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne akwai gajeriyar hanya. Ta bi da shi ta gonar rogo.

Da suka fita, Ratu Peniasi ya buɗe ido duka biyu.

"Wa ya ji ya ce a'a?"

Ba wanda ya ji.

"Ni ma ban ji ba. Sakiusa, ɗan Yadrava, kai fa me ka ce?"

Aikin Sakiusa ne ke cikin haɗari, da farar rigar da albashin, kowa ya sani, kuma ba wanda ya yi masa tsiya a wannan lokacin. Can ya sa hannu ya sassauta laktayen, ya zare shi ta kansa, ya cusa a aljihu.

"Makullin yana cikin mota," ya ce. "Da ma tun ranar da na zuba ƙasar nan na ce musu a sa kwalbati. Suka ce in tuƙa kawai." Ya miƙe yana kakkaɓe hoda. "Tau, kin kashe ni. Idan aka kore ni a gidanki zan tare, ni da matata da 'ya'ya biyar."

"Ku zo. Ga kifin gwangwani katan ashirin."

Duk ƙauyen ya bi su. Mai jita ma ya biyo da jitarsa. Katafila ta yi tari sau biyu ta tashi, Sakiusa ya juya ta kamar bai taɓa barin kujerar ba. Torika ta hau kan hanyar ta taka daidai inda tsohon bakin rafin yake, ba ta buƙaci awo ba. A hannun damanta teku tana ta ciko, tana lasar duwatsu. A hagunta busasshen taɓo ne da ya tsattsage, da fararen itatuwa.

Tana shirin ɗaga hannu Anjila ta riƙo gefen rigarta. Fuskar yarinyar ba dariya.

"Nei, tsaya ki ji. Haƙa a bakin teku babu izini laifi ne. Sashen dokar da aka kama su da shi, shi ne dai. Ina nan tsaye, ina gani, dole in rubuta."

"Sunan wa za ki rubuta?"

"Wanda ya ba da umarni."

"Tarar fa?"

"Tana iya kai tasu."

Torika ta ji tsoro, tsoro na gaske. Kuɗin da Baturen ya rubuta a tsaye, ita ko ta sayar da kwalekwalenta da kwanon rufin ɗakinta ba za ta haɗa rabinsa ba. Ta waiga ta hango lungun mahaifiyarta can ƙarshen kurmi, ɗan kore-kore da rawaya a tsakiyar farin. A kan tudun coci kuma ga farar riga tana kai da kawo da waya a kunne. Sakiusa yana kallonta daga sama, bokitin katafila a rataye.

"Kina da biro?" ta tambayi Anjila.

"Ina da shi."

"To rubuta. Torika Ravouvou, Vunitiri. Kada ki sa sunan wancan mayunwacin, aronsa na yi."

Ta ɗaga hannu ta sauke. Bokiti ya nutse cikin ƙasa.

Bai kai awa ɗaya ba. Sakiusa ya kwashe duwatsun ya jibge gefe, ya yi ta zurfafawa, yara da manya suna ihu duk lokacin da ya juye bokiti. Da ya rage ɗan siririn bango, ruwan bai jira shi ba, ya ture da kansa. Ya shigo ja da laka, sannan ya washe, ya bi tsohuwar hanyarsa yana cike tsagogin taɓo ɗaya bayan ɗaya. Wani wari ya tashi, warin taɓo mai rai da muka shekara biyu ba mu ji ba. Wasu tsofaffin mata suka fashe da kuka, wasu suka kama rawa, Vasemaca kuma ta iso a guje tana haki ta yi duka biyun.

Mista Denholm ya iso bayanta, wandonsa duk ƙaya. Ya tsaya a bakin ramin yana kallon hanyarsa ta rabu biyu. Ya buɗe baki, ya ga mai hoton da ya ɗauko da kuɗinsa ya saita shi, ya ga Ratu Peniasi a gefensa yana dafe da sanda. Ya rufe bakin.

"Tau," tsohon ya ce masa da fara'a, "idan ka kawo zanen gada, ka zo da takardar nan taka. Zan nemo biro."

Anjila ta gama cike takardarta a kan gwiwa, ta yage kwafi ta miƙa wa Torika da hannu biyu. Idonta ya cika da ƙwalla.

"Nei, ki yafe min."

"Aikinki ne, 'yata. Da haka kika kama su." Torika ta riƙe takardar nesa da ido tana dubawa. "Yaushe za a kira ni?"

"Ban sani ba. Sai fayil ya je hedikwata, ya dawo, a sa rana. A ɗage, a sake sawa. Kin dai ga nasu."

"Shekara biyu."

"Aƙalla."

Torika ta yi lissafi a ranta, ba na kuɗi ba. Ƙaguwa shekara ɗaya da rabi take yi ta isa kamu.

"Ya ishe ni," ta ce.

Ta ninke takardar ta soke a ɗankwali don kada ta jiƙe, ta tattare rigar cocinta zuwa gwiwa, ta gangara cikin ruwan ta nufi lungun mahaifiyarta ta ga ko ya kai can.